Keke mai ba da wuta: abin da zai iya da yadda ake haɗa shi ba tare da asara ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarmu mai farin jini domin mu yi wa matasa bayani kan wani aiki da ya shiga ransu a ƴan shekarun nan, wato haɗa keke da dinamo a samu wutar lantarki. Mu masu walda ne da masu gyaran kayan lantarki a nan Maraɗi, kuma hotunan bidiyon da ake turawa a WhatsApp da TikTok sun sa ana yawan kawo mana wannan magana. Ba abin mamaki ba ne. Wutar da Maraɗi ke sha mafi yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna abin da aka gani daga watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke ta. A ƙasar baki ɗaya kuwa, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gida, ƙauyukan Madarunfa da Dakoro da Mayahi da yawa ba su taɓa ganin turken waya ba.

Keken yana aiki, wannan gaskiya ne. Amma abin da ake nunawa a bidiyo, mutum na taka feda firji da talabijin da fanka duk suna tafiya, wannan ƙarya ce, akwai batir ko wata waya a ɓoye. Ƙarfin ƙafar ɗan Adam yana da iyaka. Namiji lafiyayye wanda ba ɗan tsere ba, abin da zai iya riƙewa na tsawon awa guda bai wuce wat 60 zuwa 100 ba. Mu ɗauki 75. Sarƙa da bel za su ci kusan kashi 10 cikin 100, dinamo ya mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zafi, dayod, wato ƙofar da ke hana wuta komawa baya, ta ɗauki nata, sai kusan wat 48 ya isa bakin batir. Shi ma batir ba ya mayar da duk abin da aka ba shi. A ƙarshe gumin awa guda yana zama kamar wat 40 na tsawon awa guda. Da wannan za a cika salula biyu masu babban batir, irin mai lamba 5000, ko a kunna ƙwan LED mai wat 5 na awa takwas, ko rediyo ya yi kwanaki. Dutsen guga mai wat 1000 ba zai kai minti uku ba. Firjin gida kuwa da ke shan kusan wat 1000 na awa a kowace rana, sai an taka awa 25 kafin a biya masa bukatar yini ɗaya, ranar kuma awa 24 ce. Wanda ya amince da wannan lissafi, to ya biyo mu.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wurin zaɓen abin da zai haifi wutar. Kusan kowa altanaton mota yake fara nema, don yana nan birjik wurin masu tsofaffin kayan mota kuma an san shi ke cajin batir. Kada a saye shi. Altanato ba shi da maganaɗisu na dindindin. Sai an ba naɗin wayar da ke cikinsa wuta, amfiya 3 zuwa 4 daga batir, kafin ya zama maganaɗisu, wato wat 36 zuwa 48 sun tafi tun bai ba da komai ba. A mota wannan ba a ko lura da shi, don injin yana da ƙarfin dubban wat. A keke ya cinye kusan rabin abin da ƙafa ke bayarwa, ko ma fiye. Sannan ba ya fara caji sai ya wuce juyi 1000 a minti, da ya fara kuma regilatonsa, wato abin da ke daidaita wutarsa, zai nemi ya tura wa batir duk abin da batirin ke so, sai ka ji feda ta ƙame kamar an taka birki. Ƙaramin dinamon fitilar keke shi kuma bolt 6 ne da wat 3, bai isa komai ba. Injin goge gilashin mota yana da giya mai tsutsa wadda ba ta juyuwa ta baya, shi ma a bar shi.

Abin da ake nema shi ne moton batir mai maganaɗisu a jikinsa. Wanda ya fi dacewa shi ne na ƙananan babura da kekunan lantarki, mai bolt 24 da wat 250, wanda sau da yawa ake rubuta MY1016 a jikinsa. Irin wannan idan aka ba shi wuta ya juya, idan aka juya shi ya ba da wuta, shi ne zai zama dinamonmu. Kafin a biya kuɗi a gwada shi a gaban mai kaya. A sa mita a kan wayoyinsa biyu a murza sandarsa da yatsu: idan mita ta motsa ko da bolt ɗaya ne, akwai maganaɗisu. Sai a haɗa bakin wayoyin biyu da juna a sake murzawa. Lafiyayye zai yi nauyi nan take, idan aka raba su ya saki. Wanda bai sauya ba, ko gawayinsa, wato ƴan dunƙulen da ke gogar jan ƙarfe a cikinsa, ya ƙare ko naɗinsa ya tsinke. Moton fankar lagireton mota ma yana ba da wuta, sai dai na bolt 12 ne, kuma kafin ya haura bolt 14 sai an juya shi fiye da gudun da aka yi shi dominsa, abin da keke ba ya kaiwa cikin sauƙi. Dalilin da ya sa muke cewa mai bolt 24 ke nan: a kusan kashi biyu cikin uku na gudunsa ya riga ya isa cajin batir mai bolt 12.

Yanzu lissafin gudu, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne mutane ke tsallakewa su ce a gwada a gani. A jikin dinamon an rubuta juyinsa, yawanci tsakanin 2650 da 2750 a minti kan bolt 24. Idan aka raba, kowane bolt ɗaya yana bukatar kusan juyi 110. Batir yana son bolt 14, dayod za ta ci kusan ɗaya, naɗin dinamon kansa zai ci ɗaya da rabi zuwa biyu idan wuta na gudana. Ke nan ana neman bolt 16 da ɗoriya, wato juyi 1800 a minti. Mutum kuma yana jin daɗin taka feda sau 60 a minti, sau ɗaya a kowace daƙiƙa. A ƙirga haƙoran keke. Babban keken nan na ɗaukar kaya yawanci yana da haƙora 44 a farantin gaba da 18 a na baya. Sau 60 a ninka da 44 a raba da 18, ƙafar baya na yin juyi 147 a minti. Idan aka cire taya da tib, janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya zama babban fuli, wato abin da bel ke zagayawa a kansa, mai faɗin kusan santimita 62. A sa wa dinamo fuli mai santimita 5, ninkin ya zama 12 da ɗan kai, juyi ya kai 1820. Daidai ke nan. Mai keken giya mai ƙafa lamba 26, jantinsa ya fi ƙanƙanta, kusan santimita 54 da rabi, amma idan ya sa giya a 48 da 14 zai samu juyi 206 a ƙafa, fuli mai santimita 6 ya ishe shi.

A lura da abin da lissafin nan ke nunawa. A babban keken, wanda ya sassauta ya koma taka 45 a minti, dinamo zai sauko bolt 12 da ɗan abu, babu ko ɗigon wuta da zai shiga batir, ƙafa kuwa za ta ji sauƙi har mutum ya ɗauka aiki yake. Wanda ya sa fuli mai santimita 8 saboda shi ya samu a kasuwa, zai yi ta zuba gumi batir bai ƙaru ba, ya ce dinamo ne ba shi da kyau. Wanda kuma ya matse fulin ƙasa da santimita 5, bel ba zai lanƙwasu a kansa ba, zai riƙa zamewa yana zafi. Idan gudu bai isa ba, a sauya firiwil na baya zuwa mai haƙora 16, kada a ƙara rage fuli.

Dinamon yana zuwa da ɗan giya mai haƙora a bakin sandarsa. A cire shi a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su fitar da fuli daidai kaurin sandar, da ramin da bel zai zauna, da ƙusar ɗaurewa a gefe. Kada a yi walda a kan sandar. Zafin yana raunana maganaɗisu ya kuma ƙona man boris, fulin ma ba zai taɓa zama daidai tsakiya ba.

Bel kuwa wurin masu kayan injin niƙa ake samunsa. A nemi siriri, mai faɗin milimita 10 zuwa 13, idan da mai tsaga-tsaga a ciki ya fi, don ya fi lanƙwasuwa a ƙaramin fuli. A bar robar nan da ke rufe kawunan sifoki a cikin janti, ko a naɗa yankakken tsohon tib, don kada kawunan su ci bel. Wurin ajiye dinamo a ba shi tazara, santimita 60 daga tsakiyar ƙafa zuwa tsakiyar fuli. Idan aka matso da shi kusa, bel zai taɓa fulin a ɗan wuri kaɗan ne, da an taka da ƙarfi ya zame. A wannan tazara tsawon bel ya kusa mita 2 da santimita 40, amma kada a saya da wannan lamba: a zagaya igiya a kan janti da fuli bayan an kafa komai, a tafi kasuwa da igiyar. Akwai masu barin taya a jiki su jingina sandar dinamo a kanta. Yana yi, sai dai taya na cinyewa da sauri, ƙarar kuma ba ta barin maƙwabta barci idan tayar mai ƙuraje ce.

Mazaunin ba shi da wuya ga mai walda. Ƙarfen kwana mai milimita 40, a yi shimfiɗa mai faɗin santimita 70 da tsawon mita ɗaya da ɗan ƙari, a tayar da ƙafafu biyu masu tsayin santimita 40, kowace da tokara ta gaba da baya. A saman kowace a yanka tsaga mai milimita 10 inda sandar ƙafar baya za ta faɗa, a ɗaure da noti. Idan sandar ta yi gajarta, a sauya ta da doguwa irin wadda ake sa matakin goyo. Janti ya tashi daga ƙasa da kamar santimita 5 zuwa 8. Ƙafar gaba a sa ta tsakanin katako biyu don kada kan keken ya riƙa lilo. Shi dinamo a ɗaura shi a kan faranti mai dogayen ramuka yadda za a iya ja da shi baya a ɗame bel. Ɗamewar ma da ƙa'ida: a danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya nutse santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya fi haka, zai zame. Bai kai haka ba, boris ɗin dinamo ne zai mutu cikin ƴan makonni, ƙafa kuma ta sha wahalar banza. Kafin a ɗaure na ƙarshe a miƙa zare daga gefen janti zuwa gefen fuli a tabbatar suna kan layi ɗaya, kuma idan jantin ya karkace a kai wa mai gyaran keke ya daidaita sifoki, in ba haka ba bel zai riƙa faɗuwa.

Ɓangaren waya gajere ne amma nan ake ƙona kaya. A fara taka keken a duba da mita wace waya ce ke ba da +, don ya danganta da inda dinamo ke juyawa, launin waya ba hujja ba ne. Daga + a shiga dayod, daga dayod a shiga fis, daga fis a shiga + na batir. Ɗaya wayar ta tafi − kai tsaye. Dayod ita ce ƙofar da wuta ke wucewa ba ta dawowa. Idan babu ita, da ka daina takawa batir zai mayar da dinamo moto, ka ga ƙafar keke na gudu ita kaɗai har batir ya ƙare. Wurin masu gyaran rediyo da injin walda ana samun mai kusurwa huɗu da ƙafafu huɗu, KBPC3510, mai ɗaukar amfiya 35. A haɗa ƙafafunta biyu masu alamar ~ wuri ɗaya a ba su wayar dinamo, a fita ta ƙafa mai alamar +, ta huɗun a bar ta. Haka za a yi asarar ƙasa da bolt ɗaya, maimakon kusan biyu idan aka bi ta duka gadar. A ɗaure ta a kan ɗan farantin alminiyom don tana zafi. Fis na mota mai amfiya 10 ya isa, kuma ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin batirin mota idan wayoyinsa suka haɗu yana narka waya ya tayar da gobara. Waya ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tsawonta kada ya wuce mita biyu. Siririyar wayar rediyo tana cin bolt ɗin da aka sha wuya aka samo.

Batirin babur mai amfiya 7, wato wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa, yana da arha, shi ya sa ake sonsa, amma abin da yake iya sha a lokacin caji bai wuce amfiya 2 ba, keken kuma yana tura 3 zuwa 4. Zai yi zafi, ruwansa ya ƙafe, ya kumbura. A nemi mai amfiya 35 zuwa 45, na sola ya fi na mota jure saukewa da cikawa. A kafa ƙaramar mitar bolt a kan keken inda mai takawa ke gani. Batir da ya huta yana nuna 12.6 ko 12.7 idan ya cika, 12.2 idan ya yi rabi, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da 12. Lokacin caji iyakar da aka saba faɗa 14.4 ce, amma wannan na wuri mai sanyi ne. A zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, a tsaya a 14. Batir mai amfiya 40 da ya sauka rabi yana bukatar kusan awa shida na takawa kafin ya dawo, don haka gara a riƙa yi masa rabin awa safe da yamma da a bari ya faɗi. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, don yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, kada a kunna ashana ko sigari kusa. Idan ruwansa ya ragu, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

Wasu suna sa kwantirolar sola, mai yanke caji idan batir ya cika, tsakanin dinamo da batir suna ganin sun huta. An yi ta ne don farantin sola, shi kuwa faranti ko an yanke shi ba ya wuce bolt 22. Dinamo ba haka yake ba. Da batir ya cika kwantirola ta yanke, nauyi ya ɓace daga feda, ƙafa ta zabura, bolt ya haura 30, kwantirolar ta ƙone, mai takawa ma yana iya bugun gwiwa. Mita da ido sun fi aminci. Wanda ke son ci gaba da motsa jiki bayan batir ya cika, ya sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 da makunni ya riƙa zubar da rarar a nan. Haka kuma kada a taɓa haɗa salula da dinamo kai tsaye. Daga batir ake ɗauka, ta cajar mota mai ramin USB wadda ke mayar da 12 zuwa 5. Inbata kuma, mai mayar da wutar batir irin ta gida, a manta da ita, tana shan wat 5 zuwa 10 ko ba a jona mata komai ba. Fitilu da fanka da rediyo duk akwai masu bolt 12 a Babbar Kasuwa. Tsofaffin batiran kwamfuta na litiyom da yara ke tarawa, kada a kusantar da su wannan keke idan babu allon da ke tsare cajinsu, don su ba kumbura kawai suke yi ba, wuta suke kamawa.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa: me zai hana batir ya juya wani moto, moton ya juya keken, keken ya caja batir, kowa ya huta? Lissafin da muka yi a sama ya amsa. Abin da ya shiga 75 ya fito 40, idan aka sake zagayawa da shi zai fito 20 da ɗan kai, haka har ya ƙare. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk bidiyon da ya nuna akasin haka akwai abin da bai nuna ba.

Shi mai takawa, jikinsa yana fitar da zafi ninki uku na ƙarfin da yake bayarwa, kuma tunda keken a tsaye yake babu iskar hanya da za ta busar da gumi. Fanka mai wat 20 za ta cinye rabin ribar, don haka a kafa keken a zaure ko ƙarƙashin bishiya, a yi aikin da asuba ko bayan isha'i, da ruwan sha a kusa. Mai azumi da mai ciwon zuciya ko hawan jini su bar wa wasu. A ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa, gajeren sirdi shi ke kawo ciwon gwiwa. A yi wa bel da sarƙa murfi da raga ko falle, domin inda bel ke shiga fuli yana iya cire yatsan yaro, kuma babbar riga da zani da mayafi ba su da wuri a kan wannan keke. Lokacin hunturu ƙura na shiga ramukan dinamo ta cinye gawayi, sai a rufe shi da buhu idan an gama, a hure shi da famfon keke duk mako. Idan wuta ta fara yankewa ko ana ganin tartsatsi a ciki, gawayin ne, a buɗe a sauya, a goge jan ƙarfen da yake gogawa da takarda mai laushi.

Ra'ayinmu, Malam Edita, wanda ke da kuɗin farantin sola mai wat 100 ya fara da shi, don a ranar Maraɗi yana ba da abin da ya kai awa goma na takawa, ba tare da gumin kowa ba. Wanda ke tunanin buɗe sana'ar caji da keke ma ya sake lissafi: ko dala ashirin, wato sefa 100, ake biya kan kowace salula, awa guda dala arba'in ce kawai. Inda keken ke da amfani shi ne ya zama mataimakin faranti a kan batir guda, a kwanakin hazo da na hadarin Agusta, ko da dare idan batir ya faɗi ana bukatar kira ko haske na gaggawa. Sai kuma koyarwa. Muna kira ga malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ma na ƙananan makarantu, su kafa irinsa guda a ɗakin gwaji da ƙwai biyu a kan allo, na mota mai wat 55 da LED mai wat 5, kowane da makunninsa, ɗalibi ya hau a kunna masa ɗaya bayan ɗaya.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu walda da gyaran lantarki,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar